Ranar da Aka Gwada Nonona da Tururuwa

Jikata ta haihu a asibitin Gadarif cikin daminar nan. Ina tsaye a gefen gadon riƙe da zanenta, sai daya, wato ungozomar asibiti, ta ɗauki jaririn ko wanka ba a yi masa ba ta kifa shi a ƙirjin uwar. Na ce, "Haba 'yar nan, ki bari a goge shi mana, a tatse dakashin a zubar tukuna." Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ya habboba," wato kaka, "wannan dakashin da kuke zubarwa shi ne maganinsa na farko. Kalas, daga yau har wata shida ko ɗigon ruwa kada a ba shi, nonon uwarsa ya ishe shi." Sai wata mai jego da ke gadon kusa, yarinya ƙarama da waya a hannu, ta ce, "Hajiya, wai da gaske ne a zamaninku da tururuwa ake gwada nono?" Ɗakin ya ɗauki dariya, har da jikata da ke fama da ciwon mara. Ni ban yi dariya ba. Na ajiye zanen na fita na zauna a gindin darbejiya.

Su abin dariya ne a gare su, don ba su san hillar da na tashi ba. Hilla muke ce wa ƙauye a nan. Kakanninmu sun taso daga yamma da niyyar Makka, guzuri ya ƙare a hanya, suka ga baƙar ƙasa mai laka suka ce bari mu yi noman shekara ɗaya, shekara ɗayan nan ita ce har yau. Ƙasar nan idan rani ya yi sai ta dare har ƙafar akuya ta faɗa, idan damina ta sauka kuma sai ta riƙe takalminka ta hana ka. Ina yarinya, abin da ke tashinmu da asuba shi ne gurzar dutsen niƙa daga gida zuwa gida, sai amon turmi, sai jakuna masu zuwa hafir, wato tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama, inda mu da shanu muke sha tare. Kowane gida yana da 'yar gonarsa ta dawa da riɗi a bayan gari, abin da aka samu shi ake ci. Daga baya muka fara jin wani gurnani daga nesa, aka ce tarakta ce, an ba tajirai daji suna sharewa. Cikin 'yan shekaru itatuwan da muke zuwa ice a ƙarƙashinsu suka ɓace, gona ɗaya ta zama sai ka wuni kana tafiya ba ka ga ƙarshenta ba, ita ake kira mashru'i. Tarakta tana huɗa, tana shuka, amma ba ta iya yankan riɗi ba. Wannan sai hannun mutum, kuma hannayen namu ne.

A wancan zamani ba da nono ba abin koyarwa ba ne a asibiti, abin gani ne kullum. Da hantsi za ka tarar da mata a rakuba, rumfar ciyawa da ke tsakar kowane gida, wannan tana tsince kuɓewa, waccan tana kitso, kowacce da ɗa a cinya yana tsotso yana wasa da ƙafa. Shekara biyu cur ake shayarwa. Idan uwa ta tafi hafir ɗanta ya tsananta kuka, duk mai goyon da ke kusa sai ta ɗauka ta ba shi, tsofaffi kuma suna riƙe da labarin wa ya sha na wa saboda ranar aure. Yanzu kuwa kowacce tana kulle a ɗakinta, ɗan maƙwabciya zai yi kuka har ya shiɗe ba wadda za ta leƙo. Ba na cewa komai namu daidai ne, ni ce ma ta ƙarshe da za ta faɗi haka. Amma akwai ɗumi a cikinsa, kuma saboda ɗumin nan ne ba ka taɓa zaton za a cuce ka daga ciki.

Goggo yayar mahaifina ce. Uwata ta rasu ina rarrafe, ita ta ɗauke ni, ita ta goya ni, a bayanta na koyi magana. Ita ce mai yanke cibiya a hillarmu, babu jaririn da bai bi ta hannunta ba, abin da ta faɗa a kan haihuwa da jego ko liman ba ya ja da shi. Da na girma aka ɗaura mini aure da ɗanta, ba wanda ya tilasta ni, ina sonsa tun ina ce masa Yaya, kuma ban daina ce masa Yaya ba har bayan auren. Ɗakina yana kallon nata. Kullum ta ga wata mai jego ta ɗauki tulu sai ta daka mata tsawa ta ce, "Ajiye! Mai jego ba ta da aiki a duniya sai ci da ba da nono." Na ji wannan magana daga bakinta ya fi sau ɗari.

A cikin wata damina na haifi 'yar farina. Wallahi kwanakin farko na sha wuya. Kan nonon ya tsage, in ta kama sai in ciji zane don kada in yi ihu, ga mara tana murɗawa duk lokacin da ta ja. A rana ta uku ƙirjina ya cika ya yi tauri kamar ƙwaryar da aka kife, zazzaɓi ya rufe ni. Goggo ta zauna a kaina, tana gasa mini da ruwan zafi da ganyen darbejiya, tana shafa man shanu, tana gyara mini yadda zan tallabe ta, tana cewa, "Ki cika mata baki, kada ki ba ta kan kawai, shi ya sa yake tsagewa." Safe da yamma wankan jego, sannan kunun kanwa ƙwarya guda sai na shanye take tashi. Kafin suna komai ya daidaita. Yarinya ta fara cika, wuyanta ya yi ninki, fatarta tana sheƙi. In tana sha ana jin haɗiyarta daga bakin ƙofa, ƙwat, ƙwat, ta ɗora ɗan hannunta a ƙirjina tana buɗewa tana rufewa, in ta ƙoshi sai ta saki da kanta, nono yana gangarowa ta gefen baki. To amma 'yar fari ce, mu kuwa akwai kunyar ɗan fari. Ba a faɗin sunanta, ba a yi mata wasa a gaban mutane, in ana kallo sai in kau da kai gefe ina ba ta kamar an ɗora mini dole. Sai an watse na saki labule, sannan in sa hancina a tsakiyar kanta in yi ta shinshina.

Ana nan riɗi ya fara ja. Wanda bai san riɗi ba ba zai gane tashin hankalin wannan lokaci ba. Idan ganyensa ya yi ruwan ɗorawa kwanaki kaɗan gare ka, ka yanke ka ɗaure ka jingina shi tsaye ya bushe. Ka yi jinkiri, kwanson ya fashe, ƙwayar ta zube cikin tsagar ƙasa, ba mai iya tsinto ta. A shekarar Yaya ya karɓi yanki babba a wani mashru'i mai nisan tafiyar rabin wuni a lori, ya yi wa wakilin tajirin alkawarin zai gama a kan lokaci. Mutum biyu da suka ce za su bi shi suka sulale suka tafi wata gonar. Ni kuwa, ba yabon kai ba, a yankan riɗi an san ni. Ina yanka ina ɗaurewa, maza biyu ba sa kamo ni. Sai dai wakilin nan yana da doka, ba ya son mace mai goyo a kambo, wato sansanin ma'aikata, wai suna yawan zama ba da nono. Na lura in na shigo rakuba Goggo da Yaya suna magana sai su yi shiru, amma na ɗauka maganar maza ce ta gona.

Saura 'yan kwanaki in yi arba'in, yarinyar ta yi kuka da yamma kwana biyu a jere, irin kukan ciki da kowane jariri ke yi. Goggo ta buɗe tsummanta ta duba kashin, ta girgiza kai ta ce, "Anya? Wannan kukan ba na banza ba ne. Nonon nan sai an gwada shi." Washegari da hantsi ta kira tsofaffi uku su zama shaida, aka shimfiɗa tabarma a rakuba. Ta fito da wani ɗan ƙoƙo daga ɗakinta ta miƙo mini, na juya baya na tatsa har ya kai rabi. Ɗaya daga cikin tsofaffin ta je gindin rumbu ta tsinto tururuwa bakwai a tafin hannu. Yadda ake yi, a jefa su a ciki, in sun yi iyo sun kama gefe sun fita, nono lafiya lau, in sun mutu a ciki, nono ya ɓaci, zai kashe ɗa. Aka jefa su. Suka motsa kaɗan, suka nannaɗe, suka tsaya cak, ko ɗaya ba ta kai gefe ba. Tsofaffi suka ɗauki salati. Na ji wani wari mai hawa kai yana tasowa daga ƙoƙon, na ce a raina ashe haka mugun nono ke wari, ashe abin da nake ɗura wa baiwar Allahn nan ke nan. Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da baƙin suka tafi na ce, "Goggo, to yanzu me za ta sha?"

Ta ce, "Madarar gwangwani. 'Ya'yan tajirai a Gadarif ita suke sha, ga su nan ɓul-ɓul." Ta shiga ɗaki ta fito da gwangwani sabo fil da bazzaza, kwalbar nan mai kan roba. Kaico na! Hillarmu ko kanti babu, amma ban tambayi kaina yadda aka yi waɗannan abubuwa suka riga gwajin zuwa gidan ba. Ta ce, "Ke kuma gobe ki bi mijinki gona. Rana da gumi su ke fitar da mugun nono. In kika zauna kina jin kukanta za ki ba ta a ɓoye ki kashe ta. In kun dawo a sake gwadawa."

Na so in ce a'a. Amma da wane baki? Yarinya ta tsaya gaban uwar da ta raine ta tana cewa ba za ta iya rabuwa da 'yar farinta ba? Ai sai a yi shekara ana yi mini waƙa a bakin hafir. Da safe na hau lori ban ko waiwaya ba, don kada a ce na waiwaya. Kafin mu yi nisa gaban rigata ya jiƙe sharkaf, na ja mayafi na rufe.

Kambo bukkoki ne na ciyawa a tsakiyar fili, babu itace ko ɗaya, sai gangunan ruwa da mota ke cikawa. Tun duhun asuba muke shiga riɗi da lauje, ba ma miƙewa sai rana ta take. Ni ga aiki ga ƙirji. Duk sunkuyawar da zan yi sai in ji kamar an ɗaura mini duwatsu biyu, in lokacin shanta ya yi sai ya tsatso da kansa, ya bushe a riga ya yi tauri, ƙudaje suna bi na. Da rana in an zauna cin asida, wato tuwon dawa, sai in zaga bayan riɗin da aka jingina, in tatse a murfin kwano, in kai nesa in zubar a tsagar ƙasa, don ina tsoron kada wani ya taka mugun abu. Ina tatsa ina kuka, ina roƙon Allah ya wanke mini shi. Kuma na yi aiki, wallahi na yi, ina ganin kowane ɗigon gumi magani ne.

A rana ta tara na tatsa ke nan sai Yaya ya ƙwala mini kira in kawo igiya, na ajiye murfin a ƙasa na tafi. Da na dawo na tarar tururuwa sun yi masa layi. Wasu a gefe suna sha, wasu sun faɗa ciki suna iyo suna fita, suna goge ƙafa suna tafiyarsu. Na durƙusa ina kallo. Na tsinci bakwai da hannuna na jefa a tsakiya, duka suka fita. Na sake, suka sake fita. Daɗi ya kama ni har na yi sujada a kan ƙasar nan mai zafi, na ce alhamdu lillahi, maganar Goggo gaskiya ce, gumi ya wanke ni.

Da la'asar ɗin ranar wakili ya aiko da buhun wani farin gari da ake barbaɗawa kewaye da riɗin da aka jingina, saboda ƙwarin da ke tsotse ƙwayar. Yaya ne ya ɗauka yana zagawa yana barbaɗawa, ni ina bayansa da dami a ka. Iska ta juyo ta bugo mini warin. Na tsaya. Na dubi ƙasa, ga tururuwa a kan farin garin suna motsi kaɗan, suna nannaɗewa, suna tsayawa cak. Na sauke damin a hankali.

Na ce, "Yaya, warin nan na san shi."

Bai juyo ba. Ya ce, "Wane wari?"

Na ce, "Na ƙoƙon Goggo."

Ya daɗe yana kallon bakin buhun. Da na ga ya ƙi ɗago ido na san komai. Can ya ce, "Kwana uku ya rage mu gama. Don Allah ki yi haƙurin kwana uku."

Ko musu bai yi ba! Da ya yi mini rantsuwar ƙarya ma da wataƙila na ji sanyi na ɗan lokaci. Na jefar da laujen a gabansa na kama hanya. Washegari da sassafe motar ruwa ta sauke gangunanta za ta koma, na roƙi direban ya ɗauke ni, na zauna a bayan tankin ina riƙe da ƙarfe har tafin hannuna ya sale.

Na iso gida bayan azahar. Tun daga zaure ban ji kuka ba, kuma wannan shirun ya fi kuka tayar mini da hankali. Tana kwance a gadon igiya a rakuba, ƙuda ya rufe mata baki, bazzazar tana gefe tana tsami. Ban gane ta ba. Wuyan nan mai ninki ya zama kamar na ɗan tsako, maɗigarta ta faɗa, idanu sun shige, in ta buɗe baki za ta yi kuka sai iska kawai ke fita. Goggo ta fito da tsummoki a hannu ta ce, "Ke kuma fa? Zawo ne, yau kwana biyar, ina ba ta jiƙo." Kunyar 'yar fari ta tafi inda ta tafi, na sure ta na zauna a ƙasa na ɗaga riga.

Goggo ta ce da ƙarfi, "Kada ki ba ta!"

Na ce, "Goggo, na ga garin da ake zuba wa riɗi."

Daga ni sai ita a tsakar gidan. Ta waiga ta dubi ƙofa, sannan ta matso ta yi ƙasa da murya ta ce, "Hannu muke bukata. Da riɗin nan ya zube wa zai ƙara ba mijinki yanki? Me za ku ci? Sati biyu ne kawai. 'Ya'ya nawa suka sha madarar nan ba abin da ya same su?"

Na yarda ba ta nufi kisa ba, har gobe na yarda da wannan. Ba ta san ruwan hafir da shanu ke fitsari a ciki ba ya shiga cikin jariri sai an tafasa ba, ba ta san kwalbar nan wanki take so kowane sha ba, tana kuma tsinka madarar da ruwa don gwangwanin ya kai mu dawo. Mu nono muka sani, shi ba ya son wuta, ba ya son wanki, da ɗuminsa yake fitowa. Amma ta san nonona lafiyarsa ƙalau, ta kuma dube ni ido cikin ido ta ce guba ne.

Yarinyar ta kama, ta ja sau biyu, ta saki, ba ƙarfi. Na riƙa matsa mata a baki ɗigo-ɗigo, tana haɗiyewa da ƙyar. Na ce a nemo lori a kai mu asibiti. Ranar kuwa aka yi ruwan ƙarshen damina, laka ta yanke hanya, ko tarakta ba ta motsi. Kwana biyu ina zaune da ita ban sauke ta ba, har na fara ganin kamar idonta yana bi na. A rana ta uku da hantsi tana ƙirjina, bakinta a kan nono, na ji ta yi nauyi.

Aka shimfiɗa tabarmin gaisuwa. Yaya ya dawo, ya gama yankinsa a kan lokaci, yana zaune da maza a bayan zana, tsakaninmu bai fi taku biyar ba, duk abin da aka faɗa yana ji. Sai ɗaya daga cikin tsofaffin nan uku ta ce, "Wai ashe da ta dawo ta ba ta nonon?" Goggo tana jan carbi, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Na hana ta. A gabanku aka gwada, kun gani da idonku. Yarinyar har ta fara samun sauƙi. Amma yaran yanzu ba sa jin magana." Mata suka yi ta girgiza kai suna kallona da tausayi, irin tausayin da ake yi wa mai laifi. Na kasa kunne ta bayan zana ina jira. Na ji ya yi gyaran murya, na ce yanzu zai yi magana. Sai na ji ya ce wa na kusa da shi ya miƙo masa buta.

Na miƙe na ce ƙarya ne, magani aka shafa a ƙoƙon. Tirƙashi! Aka rirriƙe ni, wata ta toshe mini baki, aka ce baƙin ciki ya taɓa mini kai, aka kawo rubutu aka ɗura mini. Wa zai yarda da yarinya a kan matar da ta yanke wa rabin garin cibiya, ga kuma shaidu uku? Daga ranar na yi shiru.

Za ku ce me ya hana ni tafiya. In tafi ina? Gidan mijina shi ne gidan ubana, uwar mijina ita ce uwata, duk inda na juya su ne. Na zauna. Na haifi biyar bayan ta, kowanne na shayar da shi shekara biyu, ban bari an kawo ƙoƙo kusa da ni ba, ban kuma sake taka kambo da jego ba ko riɗin duniya zai zube. Duka biyar suka rayu, ƙarti majiya ƙarfi. Kun san abin da aka ce? Wai jiƙon Goggo ne ya gyara mini nono. Kuma duk da haka, in mace za ta hafir ta rasa inda za ta bar ɗanta, sai ta wuce ƙofata ta kai shi gida na gaba. Ina zaune a rakuba nono yana zuba, ina jin ɗan maƙwabta yana tsala kuka, ba wadda ta taɓa cewa ungo ki ba shi. Wannan ya ci mini rai fiye da yadda zan iya faɗa.

Yau inji ya karɓe yawancin aikin da muke yi da hannu, hafir ɗin ya cike da ƙasa, rakuba ta zama ɗakin bulo. 'Yan matan yanzu sun san abin da ba mu sani ba, ba mai tsorata su da tururuwa. Amma kada su yi saurin dariya. Jikar tawa ko wata biyu ba ta yi ba aka fara aiko mata daga wurin aikinta ana tambayar yaushe za ta dawo, na kuma ji mijin yana cewa ai akwai madara mai kyau a kasuwa. Har yanzu dai hannun uwa ake so, ɗan kuwa a san yadda za a yi da shi.

Shekara ashirin da wani abu na yi ina dafa wa Goggo abinci, ina wanke mata kaya, da ta tsufa ina kai ta bayan gida. Ba mu taɓa tayar da maganar ba. Da ciwon ajali ya kwantar da ita, wata rana bayan azahar ɗakin cike da masu dubiya, sai ta ce kowa ya fita a bar ta da ni. Ta kamo hannuna, nata ya zama ƙashi zalla.

Ta ce, "'Yar nan, ki yafe mini."

Na ce, "Wanne, Goggo?"

Ta ce, "Kin sani."

Na ce, "Na sani. Matan nan suna waje a rakuba, biyu daga cikin shaidunki suna da rai, suna cikinsu. Bari in kira su ki faɗa a gabansu. Kalma ɗaya kawai, ki ce nonon yarinyar nan lafiyarsa ƙalau. Wallahi kina faɗa na yafe, duniya da lahira."

Ta rufe ido har na zaci barci ya ɗauke ta. Sannan ta ce, "So kike in mutu da kunya?"

Na ce, "Ni da ita nake kwana nake tashi tun ranar."

Na je bakin ƙofa na riƙe labule ina jiran ta ce kira su. Ina jin muryoyinsu a waje, ana zuba shayi, wata tana dariya ƙasa-ƙasa. Na tsaya har hannuna ya gaji. Da na waiwayo ta juya fuskarta ga bango.

Bayan kwana biyu ta cika. Ni na yi mata wanka, ni na naɗe ta a likkafani, mata suna ta cewa Allah ya ba mu 'ya mai biyayya irin wannan. Yaya ma ya bi ta bayan wasu shekaru, shi ko roƙon bai yi ba. Mutum uku muka san gaskiya, saura ni kaɗai, ni kuwa an riga an ce kaina ya taɓu. Har yau a hillarmu in ana lissafa 'ya'yana aka zo kan ta fari, akwai tsofaffin da za su rage murya su ce, "Ai ita ce wadda nonon uwarta ya kashe."